Awakin Inna da Hadarin Gabas

Ranar Asabar da ta wuce a kan soron Inna na yini. Ɗana babba yana ƙasa yana kwaɓa ƙasa da busasshiyar ciyawa, yana miƙo mini a kwando, ni kuma ina bin tsagar da rani ya yi wa rufin ina cikewa. Da na zo kan indararo sai na tarar da shi a toshe ƙam, sheƙar tsuntsu da wata baƙar leda da iska ta cusa. Da ruwan farko ya same shi a haka, a kan soron zai kwanta, ya jiƙa ƙasar ta yi nauyi, azara ta fara kuka da tsakar dare. Ina cikin zaro ledar wani maƙwabcina ya biyo ta lungu, ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ko ɗigo ba a yi ba, kai har ka hau sama?" Na ce masa ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce Allah ya taimaka, ya wuce. Shi ma ya san abin da ya sa, don tare muka kwana a aji ɗaya na makarantar firamaren garinmu a daminar 2022.

Garinmu yana ƙasar Auyo a jihar Jigawa, kuma duk wanda ya san wannan yanki ya san cewa kogin Haɗeja ne ke ciyar da mu, shi ne kuma yake tashinmu tsaye in ya ga dama. A shekarar 2022 ya ga dama. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne daren da ruwan ya shigo mana babu ko hadari. Kwana biyu ke nan ba a yi ruwa ba, taurari fes a sama. Wajen ƙarfe biyu na dare karenmu, wanda yara ke kira Duna saboda baƙinsa, ya fara wani irin haushi da ban taɓa ji ba, yana kartar ƙyauren zaure da farce. Na fito da tocila zan kore shi, sai na ji ƙafata a cikin ruwa mai sanyi. Ta rariya yake shigowa. Kafar da muka huda don ruwan tsakar gida ya riƙa fita, ta nan na waje ya juyo ya samu hanya.

Mutane muka fara fitarwa, kuma a kan wannan ba ni da da-na-sani. Na goya Inna, uwargida ta goya ƙaramar ta riƙe hannun biyu, muka bi sahun jama'a zuwa makaranta, wadda ke kan tudu. Ƙanena ya kwance shanun huɗa biyu ya kora su. Da na koma gida don awaki, ruwa ya kai gwiwa.

Awaki biyar ne, duk na Inna, jajaye, a ɗaure a turakunsu bayan ɗakinta. Da igiyar rama muke ɗaure su, kuma ni da hannuna na ƙulle su da magariba, ƙulli biyu-biyu, don akwai ɗaya mai wayon kwancewa ta shiga gonar mutane. Wanda bai taɓa gwada kwance jiƙaƙƙiyar igiyar rama ba ba zai gane ba. Tana shan ruwa ta kumbura, ƙullin ya koma kamar dutse, ga akuya tana fizga saboda tsoro, kowace fizga tana ƙara tamke shi. Ƙullin kuma yana gindin turke, ƙarƙashin ruwa, ba na ganinsa, laluba kawai nake yi. Na sa tocila a baki, na yi da farce har ya ɓare, na samu na kwance biyu. Wuƙa tana madafa, madafa ta cika da ruwa, ban ma san inda ta faɗa ba. Ina kan ta uku na ji katangar gabas ta yi wani nishi, ƙanena ya ƙwala mini kira daga zaure, "Yaya, fito! Bango zai faɗo!" Na fito. Kukan sauran ukun yana bina har na sha kwana.

Da na isa makaranta Inna tana zaune a kan benci an lulluɓa mata zane. Ba ta tambaye ni ina awakinta ba. Cewa ta yi, "Ka dai kwance su ko?" Na yi shiru. Ta jima tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Ko ba ka kawo su ba, da dai a ce ka kwance su. Allah ya mayar da alheri." Ba ta sake tayar da maganar ba har yau. Ɗaya daga cikin ukun tana da tsohon ciki, kuma da su Inna take lissafin kayan ɗakin jikarta.

Bayan ruwa ya janye muka koma muka yi ƙirgen abin da ya rage, sai na ga wani abu da ya tsaya mini a rai. Zabin da ke kwana a kan darbejiya duk suna nan. Kajin da muka rufe a akurki muka danne ƙofar da dutse saboda muzuru, babu ko ɗaya. Kyanwar uwargida ta ɓace kwana tara, sannan ta dawo a rame amma da ranta. Awaki biyun da na kwance an same su a kan tsibin ƙasar wani kango suna cin ganyen da ruwa ya kawo. Duna ya iso makaranta kafin ni. Duk abin da muka bari a sake ya nemar wa kansa mafita, waɗanda muka ɗaure ko muka rufe don mu tsare su kuwa, su ne suka mutu. Na sha jin hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nema da kanta ba, na sha karanta wa yara shi, amma sai a ranar ya shige ni. Na san ban yi da gangan ba. Duk da haka igiyar tawa ce, ƙullin nawa ne.

Bara wani tsohon ɗalibina da ke karatu a jami'a ya zo hutu, muna hira a ƙofar gida ya nuna mini hoton tauraron ɗan adam a wayarsa. Ya ce, "Malam, ka san hadarin da ke wuce mu ba a nan yake ƙarewa ba?" Duk ɗan ƙauye ya san babban hadari daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, shi ya sa bangon gabas ne ke fara zaizayewa a kowane gida. Abin da ban sani ba shi ne, waɗannan tarin gizagizai suna ci gaba da tafiya a jere, duk bayan 'yan kwanaki wani ya bi bayan wani, su ratsa Afirka ta Yamma har su faɗa tekun Atilantika ta wajen Senegal da tsibiran Kef Bade. A can, in sun tarar da ruwan teku da ɗumi, wasunsu sai su fara juyawa suna ƙara ƙarfi, kuma idan gudun iskar ya kai kilomita 119 a awa ɗaya, ta zama mahaukaciyar guguwar da muke ji a rediyo tana kwashe gidaje a Amurka da tsibiran Karebiyan. Da yawa daga cikin manyan guguwowin can, asalinsu sararin samaniyar wannan yanki namu ne. Mu irin wannan guguwa ba ta zuwa mana, don teku take bukata kuma mun yi nisa da shi. Namu rabon shi ne iskar farkon damina da ruwan marka da kogi.

Abu biyu na riƙe daga hirarmu. Su a can sun yanka wa abin lokaci, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma mai hankali a cikinsu kafin ranar farko ya gama tanadinsa. Mu ma ai muna da namu lokacin, kowa ya san shi, sai dai mun saba jira sai mun ga hadari ya haɗo sannan a fara neman tsani. Na biyu ya fi taɓa ni. A watan Agustan 2005 da guguwar Katrina ta auka wa birnin New Orleans, mutane da dama sun ƙi barin gidajensu saboda ba a yarda su tafi da karnukansu da kyanwoyinsu ba, har ta kai a 2006 Amurka ta yi doka cewa shirin kwashe jama'a ya ƙunshi dabbobin gida. Da farko za ka ce wannan sha'anin Turawa ne. Amma ni na ga dattijo a garinmu da ruwa ya kai masa ƙugu ya ƙi motsawa saboda bijiminsa, sai da matasa huɗu suka ciccibe shi yana faɗa. Wanda duk dukiyarsa ke kan ƙafa huɗu, idan ka ce masa ya taho ya bar ta, ba zai taho ba. Shi ya sa bana muka zauna da mai unguwa tun watan Afrilu, aka ware gefen filin ƙwallon makaranta, kowane gida ya je ya kafa turakunsa a can tun yanzu. Nawa shida suna nan na shafa musu jan fenti.

A gida kuwa abin da na fara canzawa shi ne ɗaurin. Daga ranar da aka yi ruwan shuka har kaka, babu dabbar da ake ƙulle wa igiya ƙulli biyu a gidan nan. Ɗaurin zariya muke yi, wanda in ka ja bakin igiyar sau ɗaya ya warware, kuma a saman turke, inda hannu zai same shi ko a duhu. Mai wayon kwancewa sai mu yi mata da gyaran danga. Na koya wa yaran duka, har 'yar shekara bakwai, na sa su yi ido a rufe. Na kuma sayi wuƙa guda wadda ba ta yankan albasa ba ta fere kabewa, tana rataye a ƙusa a saman ƙofar zaure, inda yaro ba zai kai ba, kusa da tocila. Uwargida ta taɓa ɗaukarta ranar wani suna, da na dawo na ga ƙusar wayam sai da gabana ya faɗi. Na ce mata, "Don Allah ko layya za a yi, a bar mini wannan a wurinta." Ta gane, ba ta sake ba.

Akurkin kaji mun ɗaga shi a kan duwatsu, kuma akwai babban kwando mai murfi a gefensa da za a iya zuba su a ɗauka a ka. In lokaci ya ƙure, umarnin da kowa ya sani shi ne a buɗe ƙofa kawai a bar su. Harawa da dusa suna kan rumfa sama da tsayin mutum, don a 2022 dabbobin da suka tsira yunwa ta kusa ƙarasa su, ciyawa duk tana ƙarƙashin ruwa, mutane suka riƙa sayar da tumaki a wulaƙance. Na kira malamin dabbobi tun kafin ruwa ya sauka ya yi wa awaki allurar rigakafi, ya ba su maganin tsutsar ciki. Damina lokacin kaska ce da kirci, kuma dabbar da ta daɗe tsaye a caɓi kofatonta ruɓewa yake yi, don haka na zuba yashi da ɓuraguzan tubali a garke ya ɗan yi tudu. Masu kiwo a fadama kuma su riƙa tunawa da ciwon hanta, wanda ke biyo ciyawar bakin ruwa. Duna ma an yi masa allurar haukan kare. Akwai waɗanda ke ganin ɓarnar kuɗi ce a kashe wa kare ko sisi. Ni dai na san wanda ya tashe ni a daren nan, kuma na san kare mai gadi yana cuɗanya da yara, lafiyarsa tasu ce.

Kafin a kai ga ambaliya ma, akwai iskar farkon damina, wadda ta fi kowace saurin ɓarna. Minti goma ta ishe ta ta yaye kwanon gida ta kai shi gonar wani. Yawancinmu duwatsu da tsofaffin tayoyi muke ɗora wa rufi. Taya ba laifi, amma dutse in iska ta ɗaga kwano da shi, kan wani zai sauka. Abin da kafinta ya nuna mini shi ne, sau da yawa ba kwanon ne ke cirewa daga katako ba, katakon ne gaba ɗaya ke tashi daga kan bango, don ɗora shi kawai aka yi. Sai muka huda bangon muka zagayo da waya mai kauri muka ɗaure kowane katako, muka canza ƙusoshin da suka yi tsatsa. Na sare rassan darbejiya biyu da suka leƙo kan ɗakin yara. Na kuma hana a ɗaure shanu a gindin doguwar bishiya idan hadari ya taso, saboda tsawa, ga kuma reshe da ke iya karyewa. Yara sun san da zarar iska ta juyo da jan ƙura daga gabas, ɗaki ake shiga, ba a tsayawa tsintar mangwaro, don kwanon da ke yawo a iska wuƙa ne.

Shi kuwa kogi, darasin da na koya shi ne a daina duban sama kawai. Ruwan da ke cinye mu sau da yawa ba a kanmu aka yi shi ba. Kogin Kano da ke fitowa daga madatsar Tiga da kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, su gangaro ta wajen Ringim, su iso mana, su wuce fadamun Haɗeja da Nguru kan hanyarsu ta zuwa tafkin Chadi. In an yi marka mai ƙarfi a kudancin Kano, madatsun suka cika, rarar nan za ta biyo, kuma tana ɗaukar kwanaki kafin ta iso. Ga ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya, ga kachala da ta cike hanyoyin ruwa ta hana shi wucewa da sauri, dole ya fantsama gefe. Waɗannan kwanakin da yake yi a hanya su ne damarmu. Ina da abokin karatu a Wudil da suruki a wajen Ringim, daga watan Agusta duk bayan kwana biyu nake kiransu in tambayi yadda kogi ya kwana. Muna kuma da sanda da muka kafa a bakin gaɓa mai zane uku, matasa na dubawa safe da yamma. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, da gargaɗin ambaliya da ake karantawa a rediyo, ina saurara, amma sandar nan ita ce ke gaya mana yau ne ko gobe. Mun yi alkawari in ruwa ya taɓa zane na biyu, dabbobi da tsofaffi za su koma tudu da rana tsaka, ido na ganin ido. Gara a yi mana dariya mun gudu ruwa bai zo ba.

Jingar da ta kare gabashin gari mun yi mata gayya sau biyu, an cika buhuna da yashi an jera a inda ta ɓalle wancan karon. Rariyar gidana kuma yanzu akwai buhu biyu a gefenta na toshewa.

Hatsi na raba shi biyu. Rabi yana rumbu, rabi na kai ɗakin wani ɗan'uwanmu da gidansa ke kan jigawa, tare da irin shuka na gero da riɗi a cikin jarka. A ɗaki kuma akwai wani tsohon bokitin fenti mai murfi da muke kira bokitin gudu. Takardun gona suna ciki a naɗe a leda, da katin zaɓe, da takardun makarantar yara da katinsu na rigakafi, da maganin hawan jinin Inna na wata guda, ashana, batirin cajin waya, 'yan kuɗi a hannu don ranar da babu sabis babu mai POS, da sukari da gishiri. Waɗannan biyun na ƙarshe saboda abin da na gani a makaranta ne. Ruwa ya haɗe masai da rijiyoyi, kwana huɗu da zuwanmu yara suka fara gudawa. Lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, shi ya riƙe yara da yawa kafin a samu kai su asibiti. Gidan sauro uku suna ɗaure a jikin bokitin, don sauron bayan ambaliya ba ya da tausayi. Kuma duk wanda zai koma gida bayan ruwa ya janye, ya shiga da sanda da haske, ya duba bayan tukwane da cikin rumbu, saboda macizai da kunamu su ma busasshen wuri suke nema. Mu kyanwa ce ta nuna mana kububuwa a ƙarƙashin gadon Inna, ta tsaya a bakin ƙofa gashinta a tashe ta ƙi shiga.

Kowa a gidan ya san aikinsa. Ni Inna, uwargida ƙananan yara da bokiti, ƙanena shanu, ɗana babba awaki, mai bi masa kaji da kyanwa. Mun gwada sau ɗaya da daddare bayan sallar isha, Inna tana zaune a kan tabarma tana kallonmu tana jan carbi. Awakinta yanzu bakwai ne, duk daga biyun nan da suka tsira.

Daren jiya wajen ƙarfe goma iska ta canza, aka fara walƙiya can ƙasa-ƙasa ta gabas, ƙamshin ƙasa ya taso. Na ɗauki tocila na zaga bayan ɗaki, na bi turakun ɗaya bayan ɗaya ina taɓa bakin kowace igiya, Duna yana biye da ni. Ina dawowa na ji muryar Inna daga cikin ɗaki, ashe ba ta yi barci ba.

"Ka duba su?"

Na ce, "Na duba, Inna. Ja ɗaya ne."

Ta ce, "To, madalla. Jawo mini ƙofar nan, ruwa ya kusa."